Takardar da Na Ƙi Dangwalawa

Ranar Talata ce, ƙarshen damina. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi-sanyi. Na hura wuta da ƙyar saboda itacen ya jiƙe. Maigidana, Malam Sanda, ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure da allo da tawada, yana yi wa mahaifiyarsa Inna rubutun sha saboda ciwon ƙafar da ya hana ta takawa. Ni kuwa na ɗauki ƙwarya na zagaya garke bayan gida. Shanunmu goma sha ɗaya ne. Biyu nake tatsa a lokacin, amma wadda ta fi nono ita ce Goshi, baƙar saniya mai farin tabo tsakanin idanu.

Sunana Kulu. Ƙauyenmu yana ƙasar Kebbe, bakin daji. Ba zan faɗi sunansa ba. Har yanzu akwai mutane a can, kuma ban san wa zai karanta wannan ba, ko wa za a karanta wa.

Wajen ƙarfe bakwai, rediyo na cikin labarai, Ɗan Ige ya yi sallama. Dillalin shanu ne, gidansa na uku daga namu. Ina bayan danga ina jin su. Bayan gaisuwa ya tambayi Malam ko yau za a kai shanu fadama, ko gida za su yini. Malam ya ce fadama ta cika da ruwa, sai rana ta ɗaga. Shekaranjiya ma ya zo, ya tambayi ko jan bijiminmu na sayarwa ne, Malam ya ce a'a. Ban kawo komai a raina ba. Dillali, tambayar shanu ita ce gaisuwarsa.

Na dama wa yara koko. Nana, babbar, shekararta bakwai. Safiya tana goye, wata tara. Malam ya miƙo mini wayarsa ya ce in kira ƙanensa Abdu, mai kabu-kabu a Tambuwal, in tuna masa maganin Inna. Na tsaya kusa da rumbu, inda waya ta fi kamawa. Shi ya sa na san lokacin. Ƙarfe tara da minti goma ne.

Da farko na ɗauka injin niƙa ne aka tayar. Sai na tuna injin garinmu ya kwana biyar a lalace. Ƙarar tana tahowa daga gabas, tana ƙaruwa. Babura ne, da yawa, ba sa rage gudu. Karnuka suka fara haushi. Harbi ɗaya ya tashi shi kaɗai. Bayansa sauran suka zubo kamar ƙanƙara a kan kwano.

Malam ya shigo da gudu, ba takalmi.

"Kulu, ɗauki yaran. Cikin dawa. Kada ki tsaya."

Na fizgi hannun Nana. Inna tana bakin ɗakinta a zaune, ta kasa miƙewa. Ta ce, "Ku tahi, ni ba ni iyawa." Ina ratsa danga na waiga. Na ga Malam ya sungumi Inna ya jefa ta cikin tsohon rumbun da hatsinsa ya ƙare, yana jan murfin. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Dawar gonarmu ta fi mutum tsawo. Ba mu yi nisa ba, saboda ƙasa ta yi taɓo kuma karan yana motsi idan ana gudu. Na kwantar da Nana rubda ciki tsakanin kunya biyu, na kwanta gefenta. Na juyo da Safiya na sa mata nono a baki. Na kashe ƙarar wayar.

Daga nan komai a kunne na ji shi.

"Ku kwanta!"

"Ina gidan Sanda?"

Ba su ce gidan wa ke nan ba. Sunansa suka kira. Aka doki ƙofar zaurenmu ta kwano, ta faɗi. Wani ya ce, "Kwance su duka." Wani kuma, mai siririyar murya, ya ce, "Ina jan bijimin?" Sai na ji Malam. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ga su nan, ku kora." Aka yi harbi biyu, ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta nuna tara da ashirin da shida. Ban sake jin muryarsa ba.

Cinnaku suka hau ƙafafuna suna cizo. Ban motsa ba. Hannuna ɗaya yana kan bakin Nana, har na ji haƙoranta a tafina. Ƙarfe goma hayaƙi ya fara ratso dawa, warin ciyawar jinka da roba. Jim kaɗan aka koro shanu ta gefen gonar. Na ji takunsu a cikin taɓo, na ji bulala. Goshi tana ta kuka, saboda maraƙinta yana ɗaure a cikin gida.

Sha ɗaya da rabi gari ya yi tsit. Sai wani ya shigo bakin gona yana kira.

"Ku fito, sun tahi."

Na san muryar, amma na kasa sa mata fuska. Ya sake kira, har ya ambaci sunana. Nana ta ɗago kai. Na danne ta. Wanda ya san ina cikin wannan gonar, yaya aka yi ya sani? Na ja jiki ta ɗaya gefen, muna rarrafe, har muryar ta ɓace. Har yau ban san ko mai ceto ne ba.

Muka fita ta ƙarshen gona muka faɗa fadama. Taɓo ya cinye takalmina tun a takun farko. Rafi ya kawo ruwa. Na ɗaure Safiya can sama kusa da wuyana, na ɗora Nana a kafaɗa, na riƙe wayar da haƙori. Ruwan ya kai mini ƙirji. Ya ja ni sau biyu. Da muka haye, na zauna na yi amai.

Azahar ta same mu a gindin wata kuka, inda muka tarar da mata shida na garinmu da 'ya'yansu. Babu wadda ta gaida wata. Kowa tana duban 'yar'uwarta, tana lissafin wa ya ɓace mata, wa kuma ta fito da nata cif. Wani mai babur ya tsaya daga nesa, ya naɗe fuska da rawani, ya ce zai kai masu goyo gari. Muka watse cikin ciyawa. Ya daɗe yana jira kafin ya tafi. Wataƙila mutumin kirki ne.

Da la'asar muka hau hanyar mota. 'Yan sa-kai suka tare mu da bindigogin toka, suna tambaya wane gari, su nawa ne, wa ya shigo da su. Wannan tambayar ta ƙarshe babu wadda ta amsa. Ƙarfe biyar waya ta kama, na samu Abdu. Kafin magariba muka shiga Kebbe, aka sauke mu a barandar wata makarantar firamare.

A barandar ne wata tsohuwa ta yi magana, ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ce matan Ɗan Ige da 'ya'yansa sun tafi biki garin surukansa tun ranar Lahadi. Ta ce shanunsa biyu ma ya fitar da su kasuwa makon jiya.

Washegari Abdu ya bi jami'an tsaro da mazan garin suka shiga ƙauye. Sun dawo bayan la'asar. Inna tana bayan babur ɗinsa, an ɗaure ta da zane a jikinsa. Yini da kwana ta yi a cikin rumbu. Wuta ta ci ɗakunan, ba ta kai gare shi ba. Abdu ya sauke ta, ya zo gabana ya durƙusa. Ya miƙo mini hular Malam.

A Tambuwal na fara takaba, a gidan Abdu mai ɗaki biyu. Matarsa Hadiza, 'yar Jabo ce, ta gama sakandare. Ta ba mu ɗakinta. Maƙwabta sun kawo tuwo da tsofaffin kaya, amma na lura idan na fito tsakar gida hira tana yankewa. A wurinsu, duk wanda ya fito daga daji da ransa akwai abin da ya sani. Ban ga laifinsu ba. Ni ma haka nake kallon mutane.

Sau uku aka zo rubuta sunayenmu. Na farko sun kawo shinkafa da tabarma. Na biyu sun ɗauke mu hoto, ba mu sake ganinsu ba. Na uku ya ce sai an biya kuɗin fom kafin gwamnati ta san da mu. Na ce ba ni da ko kwabo. Ya rufe littafinsa ya tafi.

Kwana ashirin da uku bayan abin, Abdu ya shigo da labari. An tare wata babbar mota da shanu a hanyar Sakkwato, an kama direba da mutum ɗaya. Shanun suna bayan ofishin 'yan sanda. Ana cewa wasu daga ƙasar Kebbe aka koro su.

Washegari da hantsi Ɗan Ige ya yi sallama. Ban san ma yana Tambuwal ba. Abdu ya fita aiki. Ɗan Ige ya zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofa cikin hijabi. Ya ajiye ƙullin sukari na ta'aziyya. Ya yi kuka har da share hanci. Ya ce shi ma Allah ne ya tsare shi, ya fita duba gona ke nan abin ya faru. Sannan ya zaro takarda daga aljihu, da ɗan akwatin tawada.

Ya ce mutanen gari sun wakilta shi ya karɓo shanun kowa. Mace mai takaba ba ta zuwa ofishin 'yan sanda, kuma ko ta je ba a sauraron mace a maganar dabbobi. Ya rage murya ya ce duk wanda ya je ya buɗe baki, kafin ya dawo gida mutanen daji sun ji. Abin da ya rage kawai in dangwala yatsa.

Na ce a karanta mini.

Ya ce Turanci ne, maganar hukuma, ba wani abu.

Hadiza ta kawo masa ruwa. Ta durƙusa ta ajiye kofin kusa da takardar, ta ɗan jima kafin ta miƙe. Da ta wuce ta gefena ta taka mini ɗan yatsan ƙafa. Na ce wa Ɗan Ige sai na yi shawara da Inna, ya bar takardar. Ya ninke ta da sauri ya mayar aljihu. Sukarin ya bari.

Bayan fitarsa Hadiza ta ce, "Yaya Kulu, ba wakilci ba ne. An rubuta kin shaida Malam ya sayar mishi da shanun tun kafin a shigo garin, kuma ba ki da sauran magana a kansu."

Hadiza ce ta san da wata lauya, mace, da ke zuwa kotu ranar Laraba tana tsaya wa marasa hali. Abdu bai so ba. Hanyar Kebbe yake bi kullum da fasinja, kuma kowa ya san babur ɗinsa. Ya ce mu bar wa Allah. Na kusa yarda, domin gaskiyarsa ce. Inna ce ta yanke. Tun da aka fito da ita daga rumbu ba ta cika magana ba, amma ranar ta ce, "Shanun marayu na. Ba naka ba, ba nata ba, balle ku yafe." Limamin garinmu, wanda shi ma yake gudun hijira a unguwar, ya ce takaba ba ta hana fita da rana don lalura.

Lauyar ta saurare ni a kan benci bayan kotu. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta faɗa mini abubuwan da ban taɓa ji ba. Kayan sata, ko an sayar da shi hannu goma, na mai shi ne. Shanun yanzu shaida ne a gaban shari'a, amma alƙali yana iya sakin su ga mai su, idan ya yi alkawarin kawo su duk ranar da aka nema. Ina da damar ba da bayani da bakina, a karanta mini da Hausa kafin in sa hannu, kuma ba a biyan komai. Ina iya roƙon kada a ambaci inda nake zaune. Idan an samu wani da laifi, alƙali yana iya sa shi ya biya diyyar abin da aka rasa. A nan ta ɗan tsaya, ta ce, "Wannan na ƙarshe kada ki ɗora rai a kai. Sai in shina da abin biya."

Na ce, "Ke mi za ki samu?"

Ta ce albashi ake ba ta, ba daga hannuna ba. Ban yarda ba. Amma na bi ta.

Ranar Alhamis, ƙarfe goma, muka je ofishin 'yan sanda. Kafin a bar ni in ga shanun, wani jami'i ya sa na faɗi alamunsu yana rubutawa. Kunnen hagu, tsaga biyu, duka garkenmu. Baƙar saniya mai farin goshi. Karsana mai lanƙwasasshen ƙaho. Jan bijimi mai tabon ƙuna a tozo. Na lissafa har sha ɗaya. Ya karanta mini, na ce haka ne.

Shanun suna cikin wani shinge, sun kai talatin, duk sun rame. Na tsaya bakin waya na yi ƙyaccin da nake yi idan zan tatsa. Goshi ta ɗago kai. Ta ratso sauran ta zo ta sa hanci a hijabina. Hantsarta ta bushe. Na samu biyar masu tsaga biyu a kunne. Jan bijimin ba ya ciki.

Ɗan Ige yana wurin, cikin farar riga. Ya gabatar da wata takardar dabam, ta ciniki, da kwanan watan mako guda kafin harin. A ƙasanta akwai dangwalen yatsa da aka ce na Malam ne. Jami'in ya juyo ya tambaye ni ko maigidana yana dangwala yatsa.

Na ce, "Tun da nika tare da shi, alƙalami shika riƙewa."

Abdu, wanda ya ce ba zai zo ba amma ya zo, ya buɗe ledar takardun babur ɗinsa. Lokacin da ya karɓi babur, Malam ne ya tsaya masa. Ga sunansa nan a ƙasa, da ajami, da hannunsa. Liman, wanda ya rako mu, ya shaida rubutun. Jami'in ya ajiye takardun biyu gefe da gefe ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Ɗan Ige ya shiga ciki.

Da zai wuce ta gabana ya ɗan rage tafiya. Ya ce, "Kulu, ki tuna kina da ɗiya ƙanana." A hankali ya faɗa, kamar mai ba da shawara. Lauyar ta tambaye ni abin da ya ce, na maimaita mata. Ta sa aka rubuta shi a cikin bayanin, kalma da kalma, da lokacin da ya faɗa.

Bayan kwana tara kotu ta sake mini shanun. Kafin ranar ɗaya ta mutu, saboda raunin da ta ji a cikin mota. Fuɗu muka karɓa. Takardar karɓar su an karanta mini ita sau biyu da Hausa, Hadiza ma ta duba, sannan na dangwala. Alƙali ya raba gado a rubuce tsakanin Inna da ni da yara, Abdu ya bar wa yaran ɗan abin da ya faɗo masa. Shanun suna wurin wani ɗan'uwa. Ba zan faɗi inda yake ba.

An ba da belin Ɗan Ige bayan 'yan makonni. Yanzu cewa yake shi ma yaudararsa aka yi, wani ne ya rubuto masa takardun. An ɗage shari'ar sau uku. Lauyar ta shigar da roƙon diyya, yana nan cikin fayil. Direban motar da na gani a kotu, rigar da aka kama shi da ita ce har yanzu a jikinsa. Ban sani ba ko Ɗan Ige ne ya kawo su garinmu, ko kuwa bayan sun gama ne ya ga abin tsinta. Wani lokaci nakan zauna in auna siririyar muryar nan da muryoyin duk mazan da na sani. Abdu ya daina bin hanyar Kebbe. Nana ba ta zuwa ko'ina sai da ni.

Na fita takaba tun watan jiya, amma ban koma ba. An ce an girbe dawarmu. Ban san wa ya girbe ta ba.

Mutum bakwai aka binne ranar da su Abdu suka shiga ƙauye, a jere, cikin sauri, saboda masu rakiya sun ce kafin la'asar za su juya. Ba a sa alama ba. Abdu ya ce Malam ne na uku daga gindin tsamiya. Liman ya ce na fuɗu. Na tambaye su sau biyu, kowa ya tsaya a kan maganarsa. Sai na daina tambaya.